Tulun Mama da Ranar Galili

A Kakuri na girma, a gidan haya mai ɗakuna barkatai da famfo ɗaya tal. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne har aka rufe ta, Mama kuwa ita ke buga tulu a zumuntar matan cocinmu. Tulun ƙasa ne babba, ana dukan bakinsa da guntun soso, sai ya ba da wata murya mai kauri da ake ji har cikin ƙirji. Har yau in na ji ana buga shi sai kewar gidan nan ta taso mini.

Ina da shekara ashirin Baba ya rasu, saura wata biyu Ista. Tun ranar da aka binne shi Mama ta shige ɗaki ta saki labule. Ba coci, ba kasuwa, abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Fasto ya zo ya yi ta karanta mata ayoyi, ta ce amin, ta juya fuska bango. Ina kallonta tana ƙarewa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga alamar bin sa take son yi.

Mu a wurinmu Litinin ɗin Ista ranar zuwa Galili ce. Tunda Yesu ya tashi daga matattu ya ce almajiransa su same shi a Galili, mu ma sai mu dafa shinkafa mu fita bayan gari, mu yini muna waƙa. Galilinmu wani fili ne mai duwatsu a bayan unguwar Romi. Yanzu gidaje sun cinye shi, ko wurin shimfiɗa tabarma babu.

Ran nan da hantsi sai ga matan zumunta sun cika mana tsakar gida da ankonsu. Uwar zumunta, wata tsohuwar nas da ba ta shayin kowa, ta leƙa ɗakin.

"'Yar'uwa, tashi mu tafi Galili."

"Ku je, Allah ya kiyaye hanya," in ji Mama. "Ni da na binne miji, wane Galili kuma?"

Uwar zumunta ba ta yi musu ba, ta ce to bari su yi waƙa ɗaya su wuce. Sai ta miƙa tulun Mama ga matar sakataren coci, baiwar Allah mai kirki, amma ko tafi ba ta iya yi daidai da mutane. Kowa ya san haka, har ita kanta. Aka ɗauko waƙar tashin Yesu, waƙa na gabas, tulu na yamma. Haushi ya turnuƙe ni. A ce gidan makoki za a zo ana wannan shirme?

Baiti na biyu bai ƙare ba labule ya ɗaga. Mama ta fito ko ɗankwali babu.

"Haba! Wannan bugu ne ko dakan sakwara? Kawo nan, kar ki fasa mini tulu."

Ta zauna a 'yar kujera ta sa tulun tsakanin ƙafafunta. Tana bugawa hawaye na zuba, matan na amsawa cewa kabari ba kowa, ya tashi. Uwar zumunta ta ƙyafta mini ido, sai a lokacin na gane da gangan suka yi.

Da waƙar ta ƙare uwar zumunta ta dafa kafaɗar Mama ta ce, "Matan da suka fara zuwa kabarin ma da kuka suka bar gida, sista. Ba wanda ya ce sai kin daina kuka za ki zo."

Mama ta share fuska da haɓar zani ta dube ni.

"Tunda kabari bai riƙe Yesu ba, babanki ma ba zai riƙe shi ba. Ajiya muka ba ƙasa. Ɗauko mini ankona. Amma zuba mini abinci tukuna, yunwa nake ji."

Tun da nake ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na ruga kicin ina kuka, na cika mata kwano har yana zuba.