Neman Inabin Yaya Sani Daga Rungis Zuwa Lyon

Clichy zuwa Rungis

Tun kafin asuba na fito daga gida a Clichy-sous-Bois, na shiga motar maƙwabcinmu Malam Isufu, wanda ke saro kayan lambu a babbar kasuwar Rungis. Inabi ne ya fito da ni. Yayana Sani da ke Lyon an yi masa aikin zuciya, ya dawo gida ya juya wa abinci baya. Matarsa, Hajiya Rabi, ta ce duk abin da aka kai masa sai ya ture. Abu guda ya taɓa ambata: wani inabi mai kaurin fata da ya sha a kudancin ƙasar Amirka lokacin da yake karatun aikin gona, ana ce masa maskadin.

Rungis gari guda ce, ga sanyi ga hayaniyar motocin ɗaukar kaya. Duk wanda na tambaya sai ya miƙo mini inabin muska, wanda kowa ya sani a Faransa. Daga ƙarshe wani tsohon dillali ya girgiza kai ya ce, "Madam, na tsufa a sana'ar nan, ban taɓa sauke shi ba."

Malam Isufu ya ce, "Hadiza, ɗauki muskan nan dai, kada ki je hannu sake." Na ɗauka.

Lyon

Da hantsi na hau jirgin ƙasa, cikin awa biyu muka isa. Taram, ƙaramin jirgin cikin gari, ya kai ni Minguettes, unguwar su Yaya. Da na ga Yaya sai da na kawar da kai, riga ta yi masa yawa. Muka gaisa, na wanke inabin na ajiye a gabansa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya don ya faranta mini.

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "Amma wannan ɗan birni ne, fatarsa kamar takarda." Bai ƙara ɗauka ba.

Da la'asar 'yarsa Nana ta dawo daga asibitin da take aikin tsara abincin marasa lafiya. Ta ja ni kicin ta ce, "Gwaggo, na daɗe ina cigiya wajen masu lambu. An ce akwai wani tsoho kan hanyar garin Vienne, kudu da Lyon, da ke da inabin da Baba ke so. Gobe ki raka ni?"

Kan hanyar Vienne

Washegari muka bi gefen kogin Rhône a motar Nana. Tsohon, Misye Berna, ya tarbe mu da sanda a hannu. Marigayiya matarsa Ba'amirkiya ce, ita ta dasa itacen a jikin katangar da rana ke bugu. Ban taɓa ganin inabi haka ba. Ba ya yin dogon nono irin na kasuwa, 'ya'yan a warwatse suke, manya, baƙaƙe kamar ɗinya. Na ciji ɗaya, fatar ta ƙi, sai tsokar ta sulluɓo mini a baki, ga ƙamshi har hanci. Na tofar da fatar.

Nana ta ce, "Kai, Gwaggo, kin zubar da amfanin! A fatar da ƙwallon ƙarfinsa yake. Fatar tana gyara tafiyar hanji, kuma akwai sinadarai a cikinta masu kare jiki daga lalacewa. Shi ya sa ɗanyensa ya fi, in an matse ruwan an zubar da fatar an yi asara."

"To zai warkar da babanki?"

"Ba magani ba ne, kuma yana da zaƙi, cikin tafin hannu ya ishe shi. Ni dai so nake bakinsa ya buɗe."

Tsohon ya cika mana kwando. Ya ce bayansa ya hana shi datse rassan, shi ya sa itacen ya yi duhu.

Minguettes kuma

Tun daga ƙofa Yaya ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ƙamshin fa?" Ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana juya ta, sannan ya jefa a baki ya tauna har da fatar, ba wanda ya ce masa. Ya sha ta biyu, ya sha ta uku. Ya shiga ba mu labarin gonar da ya yi aiki da hutu, yadda suke shimfiɗa zane su girgiza itacen. Can ya dubi matarsa ya ce, "Rabi, akwai sauran miyar kuka?" Ta miƙe da sauri, tana share ido da gefen mayafi.

Komawa gida

Na kwana na juyo Paris, na iso Clichy lafiya. Godiya ga Allah, da Malam Isufu, da tsohon da ya buɗe wa baƙi lambunsa. Ina cire takalmi waya ta yi ƙara. Yaya ne.

"Kin isa? Madalla. Nana ta ce itacen tsohon nan ya yi duhu. Na ce ta gaya masa kada ya sa wa kowa almakashi a hannu. In sanyi ya shigo, ni da kaina zan je in datse masa."