Ranar da Motar Kawu Ta Ƙi Rage Gudu

Shekarun baya, ina ajin farko a jami'a, kawuna ya sayi mota 'yar Beljiyam. Wata Asabar ya ce in raka shi Kurfi wajen suna, tare da amininsa, wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Dutsin-Ma. Kafin mu tashi suka tsaya gaisawa da mutane, gaisuwar da ta kusa cin awa guda. Ni kuwa ba na iya zama ban karanta wani abu ba, sai na zaro littafin motar daga aljihun gaban motar na bi shi shafi-shafi. A nan na ga bayanin wani maɓalli a jikin sitiyari, kurus ake ce masa. In an danna shi, mota za ta riƙe gudun da take yi ko an ɗage ƙafa daga totur. Taɓa burki kawai ke sakin ta.

Kawu yana da ɗabi'ar buga sitiyari da babban yatsa in hira ta yi daɗi. Mun bar gari kaɗan, ina zaune a baya, na ga ya bugi maɓallin, wata koriyar fitila ta kama. Na gane ta sarai. Amma ta yaya zan koya wa Kawu tuƙi a gaban amininsa, ni da ko babur ban iya ba? Sai na shiga tsara magana a raina. In fara da "Kawu, gafara dai"? Ko in yi kamar tambaya nake?

Ina cikin tsarin muka hango garken shanu suna tsallaka titi can gaba. Kawu ya ɗage ƙafa. Mota ba ta rage ba.

"Innalillahi! Totur ya maƙale!" in ji Kawu. Tsohuwar motarsa ta saba yi masa haka, sai ya saƙala yatsan ƙafa a ƙarƙashin totur ya ɗago shi. Ya cire takalmi ya shiga yi, rabin idonsa a ƙasa.

Alhaji ya dafe hula. "Kar ka taka burki, Malam, juyewa za ta yi! Kashe ta! Murɗa makulli!"

Na karanta cewa in aka kashe ta sitiyari zai yi tauri. Shanun har na fara rarrabe ƙahonninsu. Hannun Kawu ya nufi makulli. Ban san lokacin da muryata ta fita ba.

"Kawu, bar makullin nan! Taka burki!"

Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ina jin mamakin ne ya sa ya taka. Fitilar ta mutu, mota ta lafa, muka tsaya har muna jin hucin wani farin sa. Makiyayin ya dube mu, ya ci gaba da kora.

Da Kawu ya dawo hayyacinsa na yi masa bayani, kaina a sunkuye.

"Tun yaushe ka ga fitilar?"

"Tun fitowarmu gari."

"Kuma ka yi shiru?"

"Ina neman yadda zan faɗa ne, Kawu."

Alhaji ya juyo yana share fuska. "Ɗan nan, saura kaɗan ka ƙarasa neman a lahira, mu ma ka tafi da mu."

Har yau ina tuna ranar. Ladabin da nake taƙama da shi ya kusa kashe mutum uku da dukiyar wani bawan Allah. Kunyata ba ta tafi ba, amma na daina jira sai magana ta yi kyau kafin in faɗe ta. Kawu bai sake zancen ba. Sai dai da za mu koma Dutsin-Ma, ya ce wa Alhaji ya koma baya, ya buɗe mini ƙofar gaba.

"Zauna nan. In ka ga wani abu ya kama, ka yi ihun nan naka."