Makarantar Raki

A gidanmu na Kano, in kana son ka ci mutuncin mace ba tare da ka taɓa iyayenta ba, ka ce mata mai raki. Da wannan tarbiyyar na sauka a Germantown ta ƙasar Amurka, inda maigidana ya samu aiki, ni kuma na shiga wani kantin sayar da magani. Mu matan Hausawa da ke tsakanin nan da Beltsville ba mu da yawa, amma duk Asabar ɗin ƙarshen wata mukan taru a gidan ɗayanmu, a tuƙa tuwo, a koka da tsadar kuɓewa, a watse.

Babbarmu wata dattijuwa ce 'yar Maraɗi, wadda ɗanta mai aikin rediyo a Washington ya ɗauko don ta riƙe masa yara. Hajiya muke ce mata. Ƙaramarmu kuwa 'yar Zariya ce, matar wani injiniya, tana ɗauke da cikin fari. Amarya muke kiranta, duk da cewa amarcin ya daɗe da tsufa.

Ranar da zagaye ya zo gidana, na gayyato maƙwabciyata, baƙar fata 'yar asalin ƙasar, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kuma ba ta wasa da masa. Ana cikin hira Amarya ta ba da labarin zuwanta awo. Bayanta na ciwo kamar zai tsinke, nas ta tambaye ta daga ɗaya zuwa goma zafin nawa ne, ita kuma ta ce biyu, alhamdulillahi. Muka yi dariya muka yaba mata. Da na fassara wa maƙwabciyata, sai ta ajiye masarta.

"A ƙasar nan," in ji ta, "baƙar mace ko ihu take yi, sai an ga dama a yarda da ita. Akwai masu ganin fatarmu ba ta jin zafi. Ƙanwata sai da ta koma sau uku kafin a duba ta. Ku kuma kun zo kuna taya su."

Maganar ta yi min zafi, don abin da muke tinƙaho da shi ne ta nuna mana a matsayin rami. A nan muka yanke shawarar koyon faɗin ciwo. Maƙwabciyata ta kawo abin awon jini, ta zama likita, mu kuma muna shigowa ɗaya bayan ɗaya muna kai kuka. Maigidana ne ya raɗa wa abin suna makarantar raki, sunan kuma ya bi shi.

Ban taɓa ganin ɗalibai daƙiƙai irinmu ba. Mace za ta shigo ta dafe ciki, a tambaye ta yaya jiki, ta ce da sauƙi, sai kowa ya faɗi da dariya. Ni kaina, mai fassara, da aka zo kaina sai na ji bakina ya ce an gode Allah. Hajiya kuwa tana gefe da carbinta tana taɓe baki.

"Ni da na haifi tara ban ce wash ba," in ji ta, "yanzu da furfurata za a koya mini kukan akuya? Ku dai ku yi."

Amarya ta sauka lafiya, namiji. Hajiya ta tare a gidan Amarya don wankan jego, da ruwan zafi a bahon Amurka, ganyen ma ban san inda ta samo shi ba. Bayan suna da 'yan kwanaki na leƙa da hantsi na kai kunun kanwa, na tarar an saki labule, Amarya na kwance ta rufe ido, ƙafafunta sun kumbura. Ashe jiya mijin ya kai ta asibiti da ciwon kai. An ga jininta ya ɗan hau, an tambaye ta lamba, ta ce biyu. Aka ce gajiya ce, aka sallamo ta.

"Ɗiyata, tayar da mota," Hajiya ta ce min. "Wannan tansiyo ne, hawan jini. Na ga irinsa ya ɗauke mai jego a Maraɗi."

Tsoro ya kama ni sosai. A asibitin nas ta zo da tambayar nan tata. Na ga leɓen Amarya ya fara haɗa biyu, amma Hajiya ta riga ta.

"Gaya mata goma ne. Gaya mata yarinyar nan ba ta ganin haske, kunya ce ta hana ta faɗi. In an ce mu koma gida, ni nan zan shimfiɗa zanena. A kira lokotoro babba."

Ina fassarawa tana ƙarawa, Hausa da Faransanci a haɗe, tana buga sandarta a ƙasa. Nas ta ce mu ɗan jira a waje. Hajiya ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Likita ya zo, aka sake awo, nan take aka ba Amarya gado. Daga baya ya ce min da mun ƙara kwana, da labarin ya sha bamban.

A hanyar komawa na tsokane ta, na ce Hajiya, ashe ke ce gwanar makarantar.

"Ni ban yi raki ba," in ji ta. "Ciwon wani na faɗa. Wannan ai ba abin kunya ba ne."

Nan ne muka gane inda gizo ke saƙa. Ba za mu iya kuka da namu ba, amma a kan na wata kowaccenmu zakanya ce. Muka rufe makaranta muka kafa doka: ba mai zuwa asibiti ita kaɗai, sai da 'yar rakiya da za ta ari bakinta ta ci mata albasa, wannan karon da izini. Matan cocin maƙwabciyata suka shigo, mukan raka su, su raka mu, har muka je tare muka nemi asibitin ya riƙa samar da tafinta.

Yaron ya fara tafiya lokacin da muka lura Hajiya na dafe ƙirji in ta hau bene. Ta ce tuwo ne ya tsaya mata. Amarya ta goya ɗanta, ta ɗauko mukullin mota, ta sa Hajiya a gaba sai asibiti, ni ma na bi su. Likita ya tambayi lamba, Hajiya ta gyara mayafi ta ce a gaya masa da sauƙi.

"Tara ne, likita," in ji Amarya, kanta a sunkuye. "Ba ta iya barci a kwance."

Hajiya ta yi mata wani kallo da zai iya dafa ƙwai. Ta dubi yaron da ke leƙowa daga bayan uwarsa, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, gaya masa takwas."