Ranar da na shafa wa motar abokin jikana toka

Shekarun baya can, lokacin gwiwoyin nan ba su fara yi mini gardama ba, jikana ya shigo gidanmu na Mandawari da hantsi, fuskar nan tasa kamar an yi masa rasuwa. Yaron da kullum daga zaure yake fara tsokanata, wai ina amaryarsa mai haƙori uku, ran nan ko sallamar kirki bai yi ba.

Sai da na matsa masa ya faɗa. Abokinsa ne ya tafi Umara ya bar masa amanar motarsa, irin 'yar gajeriyar nan mai ƙofa biyu da samari ke tsere da ita. Yana tafe wajen Ƙofar Kabuga allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe. Da aka buɗe, ruwan lagireto ya tafi ƙaf. An jawo ta har bakin titinmu, tunda ba ta shiga lungu. Bakanike ya cika ruwa, ya leƙa ƙasa bai ga ɗigo ba, ya ce to ruwan cikin inji yake shiga, sai an sauke injin an farke shi. Ga mai mota saura kwana uku ya dawo.

Na ɗauki mayafi na ce mu je in gani. Ya ce, "Haba 'yar tsohuwa, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?" Na ce shekara arba'in ina sayar da randa da tukunya, ba a taɓa dawo mini da ɗaya don yoyo ba. Na ɗebo toka a murhu, na tankaɗe ta, na ƙulle a leda.

Da muka isa, na sami bakaniken har ya baje spanoninsa. Ya gaishe ni da ladabi, amma na ga yana danne dariya. Na tambaye shi, da ya duba, motar da zafi take ko ta huce? Ya ce ya duba ta a huce, ya kuma tayar da ita ya duba, ƙasa a bushe. Na ce masa mahaifiyata ta koya mini cewa akwai tukunyar da za ta kwana da ruwa lafiya lau, sai an ɗora ta a wuta tsagar take buɗewa, kuma ba za ka ga ɗigo ba don wutar ke shanye shi. Mu toka muke shafa mata, inda ya fara yin baƙi nan ne ciwon.

"Hajiya, wannan fa ba tukunya ba ce."

"Ruwa take riƙewa?"

"Eh."

"Wuta ake hura mata?"

Na miƙa masa ledar tokar. Na ce to shafa.

Allah Ya yi masa albarka, ya shafa. Duk wani tiyo da hannunsa ya kai sai da ya bi shi da toka, har na can ƙasa. Kafin a gama masu shaguna sun taru, mai gyaran takalmi yana cewa yau Hajiya za ta yi wa mota rubutun sha. Aka cika ruwa aka tayar. Wayyo, ƙarar nan! Na yi baya har takalmina ɗaya ya fita, duk girman kan da na zo da shi.

Muka tsaya. Shiru, shiru. Zuciyata ta fara raya mini yadda zan koma gida a gaban mutanen nan. Can bakaniken ya sunkuya da tocila, ya daɗe, sai ya ɗago ya ce in zo. A bayan wani tiyo, inda ido ba ya kaiwa, tokar ta yi baƙi kamar girman kwabo, tana ƙara faɗi. Ruwan siriri yake fesowa kan ƙarfe mai zafi ya bushe nan take.

Da ta huce ya kwance wurin, sai ga aika-aika. Tiyon ya taɓa tsagewa, wani ya naɗe shi da robar tayar keke, ya ɗaure da waya, ya juya ɗaurin baya don kada a gani. Ashe tun kafin mai motar ya yi tafiya, wani ya yi masa wannan gyaran. Bakaniken ya riƙa juya robar a hannu yana salati. Kafin la'asar ya sa sabon tiyo, injin ko ƙusa guda ba a taɓa ba.

Jikana ya so a jefar da robar. Na hana, na ce ya ajiye ya nuna wa mai mota, ya faɗa masa komai har da tokar. Haka ya yi. Washegarin dawowarsa abokin ya zo gaishe ni da dabino da zamzam, ya ce wajen wanda ya naɗa robar nan ya riƙa kai motar shekara biyu.

Har yau in na tuna sai in ji daɗi ya kama ni. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai bakaniken nan ne. Mutum da sana'arsa, a gaban jama'a, ya karɓi toka daga hannun tsohuwa ya gwada. Tun daga ranar duk ɗan gidan nan da ya sayi abin hawa, wajensa nake tura shi.