Ɗakin Gwajin Jini a Rumfar Daddawa

Duk wanda ya karanta ilimin jini a jami'o'in yankinmu cikin shekaru talatin ɗin nan ya ci karo da sunan Ibidun Fashakin, ko a gindin wani jadawali ko a bakin malaminsa. Ɗalibanta da suka zama farfesoshi sun kai takwas, kuma kowannensu in ya tashi jawabi sai ya zuzuta ta har ka ɗauka da farar riga aka haife ta. Mu da muka san ta tun tana taya uwarta sayar da daddawa a kasuwar Oja-Oba dariya kawai muke yi. Gajeriyar mace ce mai saurin hawa, wadda har gobe ba ta iya cin amala ba tare da ta kushe miyar ba.

A shekarar da abin ya faru, ƙaramar likita ce a sashen jini na asibitin garinmu, ƙarƙashin Farfesa Oyewusi, dattijon da ya yi karatu a Turai ya dawo da wani ƙaton littafi da yake ji da shi kamar ɗan fari. Dokar littafin ita ce, ba a yi wa mai sankarar jini allurar magani sai sojojin jikinsa, wato fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, sun kai dubu ɗaya da ɗari biyar a awo. Dokar ba ta banza ba ce. Allurar kanta tana karya sojojin, in kuwa aka yi wa wanda nasa suka yi ƙasa, zazzaɓin da bai taka kara ya karya ba sai ya yi ajalinsa.

Sai ga Bolatito, mai sayar da manja, uwar 'ya'ya biyu. An yi mata allura ta farko, saura biyar. Kowace Talata ta zo a ɗebi jininta, awo ya tsaya a dubu da ɗari biyu, a ce ta koma gida ta ci ganye ta dawo mako mai zuwa. Mako uku ana haka, kaluluwar wuyanta tana ƙara girma.

"Anti Dakta," in ji Bolatito a karo na uku, "ganyen da na ci watan nan ko akuyar maƙwabta ba ta ci shi ba. Ki gaya min gaskiya, kun sallame ni ne kuna jin nauyin faɗa?"

Maganar ta tsaya wa Ibidun a rai. Matar nan ba ta zazzaɓi, ba ta tari, ciwon ne kawai ke cin ta ana kallo. Da haushi ya ishe ta sai ta soki nata yatsan ta auna, ta sami dubu da ɗari ɗaya, ita da ko mura ba ta yi ba a shekarar. Ta auna wata nas, da mai gadi, da masu wanki biyu. Ɗaya cikin masu wankin, ƙato mai ɗaukar ƙullin zannuwa kamar ba komai, shi ma bai kai awon littafi ba.

Ta je ta durƙusa gaban Farfesa. "Baba, ina jin ba jinin Bolatito ne ya yi ƙasa ba. Haka namu yake. Littafin nan da jinin wasu mutane aka rubuta shi."

"Mutum biyar?" in ji shi. "'Yata, wannan hira ce, ba bincike ba. In na yi mata allura ta mutu, ke za ki je ki gaya wa 'ya'yanta? Kawo min lafiyayyu ɗari biyu, sannan mu yi magana."

To ina za ta samo su? Lafiyayye ba ya zuwa asibiti, kasuwa yake zuwa. Uwarta ta ce ba wanda zai miƙa yatsa sai da yardar Alhaja Sariyu, shugabar matan kasuwa. Ibidun ta tafi da farar rigarta da takarda mai hatimi, ga karatu ga rashin dabara. Alhaja ta bar ta a durƙushe har ta gama sallamar masu ƙorafi uku.

"'Yar mai daddawa, an zama likita, sannu," in ji Alhaja. "Jininmu kike so ki zuba a kwalba ki tafi da shi? Mu da ko gashin da muka taje ba ma bari a ƙasa? Gobe in wani ya wayi gari da sabuwar mota, me zan ce wa matan nan?"

"Mama, Bolatito ce za ta mutu."

Alhaja kuwa ita ta ba Bolatito wurin da take kasa manjanta. Sai ta ce, "Ɗigo ɗaya ba zai fita daga kasuwar nan ba. In kina da abin dubawa, kawo shi nan."

Haka aka yi. Ibidun ta aro tsohon madubin duba jini, irin mai aiki da hasken rana, ta roƙi ma'aikatan ɗakin gwaji biyu, suka kafa tebur a rumfar uwarta, warin daddawa na dukan hanci. A soki yatsa, a shafa a ɗan gilashi, a rina, a ƙirga, a rubuta lamba, sannan a wanke gilashin a gaban mai jinin. Alhaja ce ta fara miƙa hannu, kuma ta ce sai ta ga nata da idonta. Ta rufe ido ɗaya ta leƙa.

"Waɗannan 'yan shuɗin ne sojojin nawa? Su ke nan? Kai, sun yi ƙoƙari! Shekara sittin da biyu suna fama da ni da matan kasuwa."

Daga nan layi ya miƙe. Masu barkono, mahauta, 'yan dako, har da direbobin tasha da suka zo don a gaya musu wa ya fi wani ƙarfin jini. Aikin bai da sauri, mutum ɗaya yakan ci kusan rabin sa'a a hannun mai ƙirga, kuma rana na karkatawa madubin ya daina gani. Cikin kwanakin nan wata Talata ta zo ta wuce, kuma da bakinta Ibidun ta sake ce wa Bolatito ta koma gida. Ta sha faɗa cewa a duk aikinta ba ranar da ta ji kunyar farar riga kamar wannan.

Kwana goma sha biyu suka yi, suka auna mutum ɗari biyu da goma sha huɗu. Arba'in da ɗaya ba su kai awon littafi ba, cikinsu har da wani mahauci da ke kayar da sa shi kaɗai.

Farfesa ya karanta lambobin tun daga farko har ƙarshe, ya koma ya sake. Ya cire tabarau. Ibidun ta zo da shirin musu, amma abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Shekara ashirin da biyu ina wannan sashen," in ji shi a hankali. "Mutum nawa na mayar gida?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki biro ya rubuta cewa a yi wa Bolatito allura, amma a kwantar da ita a sa mata ido dare da rana.

Sauran labarin yana cikin mujallun likitoci. Ta farko ta mayar musu da takardarsu, wai ba a bincike a kasuwa. Ta biyu ta buga, bayan Ibidun ta shafe shekara biyu tana maimaita awon a garuruwa huɗu. Asibitoci suka fara auna nasu mutanen, ɗalibai suka yi ta zuwa, kuma duk wanda ya zo sai ta tura shi cikin jama'a kafin ta bar shi ya zauna a ofis. Da yawa sun yi ta ƙunƙuni, wasunsu yau su ne manya.

Amma a Talatar da ta biyo bayan umarnin Farfesa ba wanda ya san da wannan. Bolatito ta shigo da jarkar manja a ka, domin ta saba, ta shirya daga asibiti ta zarce kasuwa. Ta miƙa hannu ba ta ko zauna ba.

"Yi sauri, Anti Dakta, ki kore ni kafin masu saye su watse."

"Sauke kayan, Yaya. Ga gadonki can."

Bolatito ta dubi gadon, ta dubi Ibidun. Sai ta ce, "To wa zai tsare min manjan?"

Farfesa Oyewusi, wanda ba a taɓa ganin ya ɗauki ko jakarsa da kansa ba, ya matso ya sauke mata jarkar, ya rungume ta a kan farar rigarsa ya nufi ofishinsa da ita. Nas-nas suka rufe baki suna dariya, Ibidun kuwa ta juya baya don kada a ga hawayenta.

Bolatito ta karɓi allurai biyar ɗin da suka rage. Gashinta ya zube, ya sake fitowa. Ta ƙara shekara goma sha tara a duniya, kuma ita ta yi wa jikokinta uku wankan farko.