Shuɗin Malam Attahiru

Malam Attahiru mai fenti ba ya wanke buroshi sai ya fara dangwala shi a bayan ƙyauren rumfarsa. Duk aikin da ya kammala, bodin gingimari ne ko allon mai shayi, sai ya ɗebi launin da ya fi yawa a aikin ya yi ɗan tabo kamar kan yatsa, kusa da na baya. Daga sama ya fara tun yana saurayi, ya yi ta gangarowa. Lokacin da furfura ta cinye masa gemu, sai ya tsuguna kafin ya sami wurin dangwalawa. In an tambaye shi dalili, yakan ce buroshi ma yana son a sallame shi.

Mutumin Tsafe ne. Mahaifinsa marini ne a wani karofi da ke kan hanyar 'Yandoto, kuma a bakin ramukan nan Attahiru ya koyi kallon shuɗi. Abin da ya fi so shi ne tsomin farko, lokacin da aka ɗaga farin ƙyalle daga rami, iska ta buge shi, ya juya a hankali ya zama kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa da safe. Da atamfar kanti ta kashe karofin, sai ya hau mota ya zo Gusau, ya kafa rumfa a bayan tasha. Da rubuta lambar mota ya fara. Daga baya direbobi suka gane hannunsa ya wuce lamba, suka riƙa ba shi bayan mota gaba ɗaya. Ba ya zana fuskar mutum. Dabino yake zanawa, da jinjirin wata, da Dutsen Kwatarkwashi, a bisansu kuma wannan sararin mai sanyi na tsomin farko. Aikinsa ba ya kiran ido daga nesa, sai wanda ya matso yake yabawa, kuma shekaru masu yawa hakan ya ishe shi.

Matarsa Zuwaira 'yar Bungudu ce. Ranar da ya fara ganinta a kasuwar garinsu, mayafi mai irin wannan shuɗin ne a kanta. Tun daga nan, kowace ƙaramar Salla shi da kansa yake shiga kasuwa ya zaɓo mata mayafi, kullum launin ɗaya. Ita kuma takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta yafa.

Ba wanda zai iya cewa ga shekarar da abin ya fara. Shi dai ya lura shuɗi ya fara mutuwa a gwangwani. Ya haɗa kamar yadda ya saba, ya shafa, sai ya ga ya fito kamar toka. Ya yi wa masu sayar da fenti ƙorafi, ya ce kayan yanzu duk algus ne, ya canja shago, abin bai canja ba. Sai ya koma ƙara shuɗi a kan shuɗi, yana ɗiga ɗan ja don ya tashe shi, har sai ya ga sararin nan nasa ya dawo. Malam ba ya awo. Da ido yake haɗi, kuma na yini ɗaya kawai, don fentin da ya kwana a haɗe yakan yi kauri ya juya.

Lawali, wani direban gingimari ɗan Bungudu mai ɗaukar hatsi, shi ya fara tankawa. Ya zo ɗaukar motarsa, ya zagaya bayanta, ya tura hula ƙeya.

"Malam, wanga shuɗi ko makaho ya gan shi sai ya kauce hanya," in ji shi. "Ka ƙara aure ne ba mu ji ba?"

Malam ya ce shuɗin da ya saba ne. Lawali ya yi dariya, ya ce to Allah ya ƙara sabo.

Motar Lawali ta yi ta zirga-zirga tsakanin Bungudu da Gusau da Tsafe, mutane suna binta da kallo. Wasu direbobi suka zo suka ce irin na Lawali suke so. Bayansu masu keke, sai 'yan kabu-kabu da tankunan baburansu, sai masu aski da masu shayi da masu cajin waya. Kafin a ankara, da wuya ka bi layi a Sabon Gari ko Tudun Wada ba ka ga ƙofa ko benci mai wannan launi ba. Daga ƙarfe da katako ya tsallaka jikin mutane. Rut, wata tela da iyayenta suka zo Gusau aiki daga kudancin Kaduna, ita ta kawo masa labarin. Shagonta yana kusa da rumfarsa, kuma Baba take ce masa. Ta ce mata suna zuwa su ce a nemo musu yadi irin na bayan motar Lawali, an yi anko da shi a biki ba ɗaya ba, har matan cocinsu sun ɗinka. Masu ɗinkin hula ma sun fara neman zarensa. A kasuwa in ka ce shuɗin Attahiru, mai yadi ba ya tambayar wane.

Malam ya ji daɗi, ko da yake bai nuna ba. A ganinsa gari ne ya yi hankali a ƙarshe, ya gane kyan abu mai sanyi.

Amma ya san akwai hazo a idonsa, kuma ya ɓoye. Mai fenti da aka ce ba ya gani, wa zai kawo masa mota? Zuwaira ta gane tun ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Ba ta ce komai ba, sai dai daga ranar buta da takalmi da tabarma ba su sake canja wuri ba a gidan. Rut ce ba ta iya shiru ba. Ta ga ya yi wa wani buhun gawayi sallama, ta bari sai da mutane suka watse, sannan ta ce masa yanar ido ce, irin wadda aka cire wa mahaifiyarta, kuma likitocin ido sun zo gari. Ya ce zai duba. Ta riƙa tuna masa safe da yamma har ya gaji, ya je. Suka yi masa aikin idon dama, suka ce in ya warke ya dawo a yi na hagu.

Ranar da aka cire masa bandeji, a keke mai ƙafa uku ya dawo, Zuwaira tana gefensa. Tun daga bakin asibiti ya fara kalle-kalle. Keken da ke gabansu, ƙofar mai aski, hular wani dattijo, ɗankwalayen 'yan mata uku da ke tsallaka titi, duk wani shuɗi ne mai kaifi, mai ƙara, kamar an zuba bula a cikin wuta. Ya tambayi mai keken wane ne ya ɓata gari haka. Mai keken bai san shi ba. Ya ce ai wannan shi ne shuɗin Attahiru, wani tsoho ne a bayan tasha, duk Zamfara ba kamarsa.

Malam ya ce a biya da shi rumfa. Ya buɗe, ya juya ƙyauren, ya tsaya. Can sama ga tsomin farko, tabo bayan tabo, mai sanyi kamar yadda ya san shi. Daga tsakiya launin ya fara tashi, kaɗan-kaɗan, yadda ba wanda zai ce ga inda ya canja. A ƙasa kuwa, inda yake tsugunawa, abin da ya gani a titi ne. Ya juyo zai yi wa Zuwaira magana, sai a lokacin ya dubi mayafinta sosai.

"Har ke?"

"Kai ka sayo, Malam."

"Ba ki ce mini komai ba."

"Ka ce irin na ranar kasuwar Bungudu ne," in ji ta, tana gyara shi a kafaɗa. "Wa zai ƙi a ce masa haka?"

Da ya koma aiki, ya koma wa launinsa na asali. Lawali ne kuma ya fara kawo mota, don rana ta cinye zanen baya. Malam ya yi masa sarari mai sanyi, ya ja da baya yana kallo, ransa ya yi fari. Lawali ya zo ya duba, ya tambaya ko motar tasa zazzaɓi take yi. Ya ce shi a Tsafe tun daga kwanar shiga gari ake gane shi, yara suna ɗaga masa hannu, yanzu in ya shiga da wannan sai a ce baƙo ne. Malam ya yi ƙoƙarin kwaikwayon tabon ƙasan ƙyaure da sabon idonsa, abin ya ƙi. Sabon idon ya cika kunya, tun kafin a kai sai ya ce ya isa, in kuma an matsa masa sai haɗin ya zarce ya yi duhu. Sau biyu Lawali yana girgiza kai.

Wata rana Malam yana zaune a gaban gwangwani, ƙura ta shiga idon dama, ya runtse shi. Da na hagu kaɗai, sai ya ga haɗin ya koma toka. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya yagi ƙyalle ya ɗaure idon dama, ya ƙara shuɗi, ya ɗiga ja, ya yi ta juyawa har tsohon idon ya ga tsomin farko. Ya kwance ƙyallen. Shuɗin Attahiru ne a gwangwanin, ba ragi ba ƙari.

Daga ranar da ƙyalle yake haɗi. Mutanen tasha suka ce wani sirri ne na sana'a, shi kuma bai musa ba. Lokacin komawa asibiti ya zo ya wuce. Rut ta je ta tambayo, ta dawo ta gaya masa likita ya ce yanar ido in ta nuna sosai rufe ido take yi gaba ɗaya, aikin ma ya ƙara wuya, wani lokaci idon ba ya dawowa. Ya ce ya ji. Ta ce Baba, fenti ne fa. Ya ce haka ne, 'yata, fenti ne. Ya ci gaba da juya gwangwaninsa.

Zuwaira ba ta matsa masa ba. Da Salla ta zo, ya shiga kasuwa da idon dama ya zaɓo mata mayafi mai sanyi na gaskiya. Ta karɓa da hannu biyu. Shi take yafawa in za su zauna a tsakar gida da la'asar, amma in za ta biki, tsohon take ɗaukowa. Ya tambaye ta sau ɗaya, ta ce da shi ƙawayenta suke hango ta a cikin taro.

Ana nan Rut ta koma babban shago a bakin titi, mai doguwar katanga fara. Ta ce tana son Dutsen Kwatarkwashi a jikinta, da sarari daga wannan kusurwa zuwa waccan, don mata su riƙa gwada yadi a jiki kafin su saya. Amma ta kafa masa sharaɗi: ranar da ya gama, ita da kanta za ta raka shi a yi idon hagu. Ya yarda. Zuwaira ce shaida.

Dutsen bai ba shi wahala ba, da dabinon da ke gindinsa. Sararin ne ya ja lokaci. Da safe yake zuwa, ya zauna a inuwar katanga, ya ɗaure ido, ya haɗa na yini. Kullum haɗin yana ƙara daɗewa. Da farko a inuwa yake yi, daga baya sai ya fita rana, daga baya kuma sai ya ɗaga gwangwanin har kusa da hancinsa. Rut tana kallonsa ta taga, ƙafarta a kan keken ɗinki. Ta ce ya haɗa da yawa lokaci ɗaya mana, a huta. Ya ce in ya kwana ba shi ba ne.

Ya kai rabin katangar. Wata safiya ya ɗaure idon dama, ya sunkuya a kan gwangwani, bai ga gwangwanin ba. Fari ne kawai, kamar an zuba masa nono a ido. Ya juya fuska wajen rana, ya dawo, ya jira. Ya ɗiga ja da ƙiyasi, ya juya, ya kwance ƙyallen ya duba, ya shafa kaɗan a gefen na jiya. Ko daga taga Rut ta ga ba ɗaya ba ne. Ya goge wurin da tsumma tun bai bushe ba, ya rufe gwangwanin, ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu.

"Rut," in ji shi, "ɗauko gyalenki mu je."

Allah ya taimaka, aikin ya yi, ko da yake likitan ya yi faɗa. Malam Attahiru ya ƙara wasu shekaru yana gani tar da ido biyu. Ya koma rubuta lambobi da sunayen shaguna, wani lokaci ya yi wa masallacin unguwa sarari mai sanyi a bango. Masu fenti na bayansa suna ta haɗa nasu shuɗin suna kiransa da sunansa, wani ya yi kusa, wani ya yi nisa. Lawali bai sake bari an taɓa bayan motarsa ba, har zanen ya koɗe. In Malam ya biyo ta gaban shagon Rut, yakan tsaya ya dubi katangar, ya ce mata yana nan tafe ya ƙarasa, ita kuma ta ce ba sauri, Baba.

Da damina ya rasu, aka kai shi Tsafe. Masu fenti biyu sun zo sun ce za su ƙarasa wa Rut katangar, ta ce a bari tukuna. Mata har yanzu suna zuwa da yadi su kara a rabin da aka gama, su ja da baya su duba. Ɗaya rabin fari ne, da ɗan dusasshen wuri inda aka goge da tsumma. A bayan ƙyauren rumfar kuma, can ƙasa, akwai gurbi ɗaya kamar kan yatsa da ya tsallake bayan ya bar katangar, ya ci gaba da dangwala na sauran ayyuka a gabansa.