Bernadette Pawlak, Mai Ɗaura Wayoyin Allurar Garmaho

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, 'yarki Colleen ta kira ni ta ce kin cika a asibiti, bayan gajeriyar jinya ta ciwon huhu. Na ajiye wayar na zauna a bakin shago, ko hawaye ban iya yi ba. Na gaji da raka abokai makabarta, Bernadette. Cikin waɗanda muka fara wannan sana'a tare a garin Toledo, ke kaɗai kika rage mini.

Tun kina budurwa kike aiki a masana'antar garmaho. Da aka rufe ta, muka haɗa hannu muka buɗe shagon gyara, ɗaurin wayoyi naki, sauraro nawa. Kan allura bai kai ɗan yatsa girma ba, wayoyinsa ja da kore da fari da shuɗi, kowace siririya kamar gashi. Sai ki ɗora tabarau a kan tabarau, ki riƙe hantsaki, ki ɗauke numfashi har ki gama. Daga nan ki sa faifan gwaji ki ce, "To, tsoho, buɗe kunne. Ta hagu sautin ke fitowa ko ta dama?" In na ce ina jin ƙugi a lasifika, ki harare ni ki ce, "Cikinka ne ke ƙugi, tashi ka nemi abinci." Amma sai kin sake duba wayar, ko da kuwa ke ce da gaskiya.

Ba zan manta ranar da wata dattijuwa, Odessa Tolliver, ta shigo rungume da garmaho ba. Tana da faifai guda da marigayin mijinta ya naɗi muryarsa a ciki lokacin yana soja. Maƙwabcinta ya sauya mata allura, tun daga nan muryar ta dusashe, kamar daga cikin rijiya. Faifan kuwa ya tsufa, kowane juyi cin jikinsa yake yi. Ta ce miki, "'Yata, kar ki ɓoye mini, na kashe shi ko?" Kika ce, "Mama, zauna tukuna." Kika gano wayoyi biyu aka sarƙe. Kika gyara, kika rage nauyin allurar, kika yi ta gwaji a kan wasu faya-fayan, ba ki taɓa nata ba sai da hankalinki ya kwanta. Muryar mutumin na fitowa tar, yana kiran sunanta, kika ja hannun rigata kika ce, "Zo mu fita, wannan hirar ba tamu ba ce." Muka tsaya a waje cikin ƙanƙara, ba rigar sanyi, har ta gama.

Da kunnena na hagu ya fara mutuwa, kin riga ni ganewa. Ba ki faɗa wa kowa ba, ba ki ma faɗa mini ba. Kujerata kawai kika juya yadda kunnena na dama zai fuskanci lasifika, kika ce wai hasken taga ke damun ki.

Jiya na shiga shagon. Na tarar da aikin da kika bari a kan tebur, kin ɗaura wayoyi uku, shuɗiyar na reto. Na ɗauki hantsakinki na gwada, na kasa. Na kira mai kayan na ba shi haƙuri ya zo ya ɗauka. Ƙarshen wata zan mayar wa mai ginin shagon makullinsa.

Allah ya jiƙan ki, Bernadette, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Colleen, da ƙaninki Stanley, da jikokinki. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu da muka rage kuma ya sa mu cika da kyau.